Sabulun Gida, Rufin Asirin Malami



Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, ga shi kuwa bai dace malami ya tsaya gaban ɗalibai da riga mai dauɗa ba. Shawarata, mu haɗa kuɗi mu sari kostik soda da man alayyadi, mu riƙa yin sabulun wankinmu da kanmu.

Sai dai a kiyaye: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. A kwaɓa a roba, domin soda na cin alminiyam. A sa safar hannu, a nisanta yara, a bar sabulun ya sha iska mako 4 kafin wanki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.