Caki Ba Alkawarin Baka Ba Ne

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro birane domin wannan zama, muna yi muku barka da zuwa gida.

A ƙasarmu gona na jingine da gona, kowa ya san kakan kowa. Shi ya sa bashinmu na baka ne: a ɗauki gero ko wake da kaka, a biya bayan an sayar. Yanzu 'ya'yanmu da ke fatauci tsakanin ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da kasuwar Dawanau sun shigo da caki cikin wannan ciniki, wasunsu kuwa suna ɗaukarsa tamkar cewa "sai na dawo". Doka ba ta ɗauke shi haka ba.

Tun 1977, zamanin Janar Obasanjo, aka kafa dokar da ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko bashi da caki, aka kai cakin banki cikin wata 3, banki ya dawo da shi saboda babu isasshen kuɗi a asusun, ya aikata laifi. Hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ne, babu zaɓin tara. Babbar Kotun Jiha ke yin shari'ar. Mafitar wanda ake tuhuma ita ce ya gamsar da alƙali cewa lokacin da ya sa hannu yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton za a biya. Babban Bankin Najeriya ma ya umarci bankuna su kai sunan mai maimaita wannan hali, a hana shi caki da rance har shekara 5.

Mu lura, magana biyu ce a nan: bashi haƙƙin mai kaya ne, laifi kuwa na hukuma ne. Da zarar ƙara ta isa hannun 'yan sanda ko EFCC, biyan kuɗin kaɗai ba ya rufe shari'a. Mai kaya zai iya yafewa, amma janye tuhuma sai da yardar masu gabatar da ƙara, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar wannan iko. Don haka tun ran gini ran zane: lokacin sulhu shi ne ranar da caki ya dawo.

Wanda ya bayar ya je da ƙafarsa, kada ya kashe waya. A zauna gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa, a rubuta nawa ne bashin, nawa za a riƙa biya, da yaushe, shaidu su sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Mai kaya ya riƙe cakin da shaidar banki har a kammala, sannan ya mayar. Idan abin ya gagara, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009, wadda yarjejeniyarta ke zama hukunci idan alƙali ya amince.

'Yan'uwa, idan aka ɗaure ɗanmu, gonar gado ake sayarwa, zumunci ya tsinke, manomi kuma bai ga kuɗinsa ba. Kada mu sa hannu kan kuɗin da ba mu gani a asusu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Allah ya rufa mana asiri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.