Amsoshin Wasiƙunku: Baturen Da Ke Cusa Hannu A Cikin Saniya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma mai kiwo a ƙasar Funtuwa. Ya ce ɗansa da ke karatu a Zariya ya zo hutu da wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawan Ingila a cikin waya. Kullum bayan sallar isha'i sai iyali su taru a tsakar gida suna kallon wani Bature yana cusa hannu a cikin saniya. Tambayarsa biyu ce. Shin ya dace ya bar mata da yara su ci gaba da kallo? Sa'an nan magungunan da ake ɗura wa dabbobi a ciki, yana iya gwada su a kan nasa shanun?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sa albarka a garke. Daga yadda ka kwatanta, wasan nan shi ne All Creatures Great and Small, wanda gidan talabijin na BBC ya fara nunawa a 1978, ya kammala a 1990, kashi 90 ke nan. An ɗauko shi daga littattafan wani likitan dabbobi mai suna Alf Wight, wanda ya yi aiki a garin Thirsk cikin lardin Yorkshire a arewacin Ingila, ya kuma rasu a 1995. Da ya zo rubutu sai ya laƙaba wa kansa suna James Herriot. An sake yin sabon wasan tun daga 2020, amma tunda ka ce hoton ya ɗan dusashe, tsohon ne ke hannunku.

Ni dai na kalle shi, kuma in gaya maka gaskiya, kai da ka san kiwo ka fi ɗanka na makaranta iya auna wannan wasa. Shi Turancin yake bi, kuma Turancin manoman Yorkshire ko mu da muka riƙe alli a aji sai mun kasa kunne sosai. Kai kuwa hannun mutum za ka duba. Dubi yadda likitan yake tuɓe riga cikin sanyin dare, ya nemi ruwan zafi da sabulu, ya kwanta a daɓen turke yana laluben ƙafar ɗan maraƙin da ya zo a karkace. Wanda ya taɓa kwana a kan saniya mai naƙuda ya san ko abin nan gaskiya ne ko wasan yara. Ka ji ma'aunin farko ke nan na kowane tsohon fim: shin masu yinsa sun san aikin da suke nunawa?

A kashin farko ma akwai abin da zai tsaya maka a rai. Saurayin likita, sabon zuwa, an kira shi wurin dokin wani mai sarauta. Ya duba ya ce hanji ya murɗe, babu magani, ya harbe dokin don ya huta da azaba. Mai kula da dokin ya tayar da ƙura, har sai da maigidan likitan, Siegfried Farnon, ya fede gawar aka ga yaron ya yi daidai. Babu duka, babu tseren mota, amma gabanka sai ya faɗi, don ka san abin da ake nufi da a ce aikin mutum da mutuncinsa sun rataya a kan dabba guda.

'Yan kasuwa ma ga naku. Manoman nan akwai taurin bashi! A yi musu aiki da tsakar dare, in an zo biya sai labarin farashin madara ya faɗi. Shi kuma Siegfried ba ya iya riƙe lissafi, kuɗin aiki a cikin wani kofi yake cusa su, kowa ya zo ya ɗiba. Duk mai shago da ya taɓa buɗe littafin bashi zai yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Yanzu batun iyali. Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ba namu ba. Mutanen nan in sun tashi aiki gidan giya suke zuwa hira, ƙanen Siegfried mai suna Tristan kuwa ɗan sharholiya ne, ga shaye-shaye ga bin 'yan mata. Ana nuna aladu, akwai kuma wata attajira da ke ciyar da ɗan karenta abincin da ya fi na ma'aikatanta, har ƙiba ta kwantar da shi. Sai dai shi wasan da kansa dariya yake yi wa attajirar, kuma idan aka kwatanta da abin da yara ke buɗewa a waya a yau, wannan mai kunya ne ƙwarai. Shawarata, yawanci kashi bai kai awa guda ba, ka fara kallonsa kai da ɗan naka, abin da bai kwanta maka ba ku tsallake. Kuma ka zauna tare da su in ana kallo. Yaro ya tambaya me ya sa suke haka, a ce masa al'adarsu ce, tamu ga ta.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna, don haka ka saurara da kyau. A'a, kada ka gwada. Labarin ya faro ne a 1937, zamanin da doki ke jan garma a Ingila, kuma allurar fenisilin ba ta wadata ba sai bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945. Yawancin ruwan kwalabar da kake gani ana ɗurawa, su kansu Turawan sun yi watsi da shi tuntuni. Ban da haka, shanunsu na ƙasar sanyi ne, ba su san sammore ba, ba su san ƙudan tsando ba. Saniyarka in ta ƙi kiwo, malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku za ka nema, a kira shi da wuri tun ba ta kwanta ba.

Abin ɗauka dai akwai. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mai haihuwa, wannan bai tsufa ba. Za kuma ka ga inda likitan ya yi aure, maimakon ya tafi cin amarci sai ya ɗauki amaryarsa Helen suka bi ƙauyuka suna gwada shanu don gano tarin fuka, shi yana allura ita tana rubuta lamba. Uwargidana ta ce da ita ce da ta koma gidansu. Amma dalilin gwajin gaskiya ne: tarin fuka na shanu yana kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, saboda haka a riƙa tafasa ta kafin a ba yara.

Malam, in kun kai wurin kashin ƙaramin karen nan, ka rubuto mana abin da uwargida ta ce. A gaishe da mutanen gida da ɗalibin namu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.