Kwanon Ci Daban, Kwanon Jere Daban



Lokacin da sakatariya ta aiko mini cewa ni zan yi magana a taron bana, na ce mata a kan kwanukan cin abinci zan yi. Sai ta yi dariya, ta ce, "Haba Yaya, duk abin da ke damun ƙasar nan, ki rasa abin magana sai kwano?" Na ce ta bari ta aurar da 'ya tukuna.

Ku tuna ranar da aka kawo mu makaranta. Kowace da akwatin ƙarfe, da bokiti, da kwano da kofi, an rubuta lambarta da jan fenti a gindi. Kwanon nan ya ci gabza shekara biyar. Ya faɗi a siminti ba adadi in an kaɗa ƙararrawa muna tsere, an zauna a kansa, an yi kiɗa da shi daren Asabar. To, nawa ga shi nan a kan tebur. Ya lotsa, bakinsa ya karkace, amma har yau da shi jikata take cin ɗanwake.

Da na tashi aurar da 'yata ta fari kuwa, ɗauka biyu ta adashi na zuba a saitin tangaran mai zanen ruwan gwal. 'Yan ganin ɗaki sun yaba ƙwarai. Kafin sunan ɗanta na biyu, abin da ya saura bai cika tire ɗaya ba, ni kuma a lokacin ban gama biyan bashin gado da kujeru ba. Ban ga laifin yarinyar ba. Ni ce na sayi abin da baƙi za su kalla, na mance gidan da za ta shiga gidan yawa ne, tsakar gida siminti, yara ke wanke-wanke a gindin famfo.

Iyayenmu ba su yi wannan kuskure ba. Kakanninmu sun yi jeren ƙwarya da tasa, iyayenmu suka yi na langa da kwalla da samira, amma duk sun san kwanon jere asusu ne. Ba a ci a cikinsa. Ranar da lalura ta taso, a ba dillaliya guda biyu ta kai kasuwa. Kwanon ci yana can madafa. Mu ne muka haɗa su wuri guda, muka sayi abin da ba ya jure ci, kuma in ya tsage ko dillaliya ba ta karɓa.

Bari in fara da langa. Ƙarfe ne aka lulluɓe da garin gilashi, aka gasa a wuta mai zafin digiri wajen 800 har ya narke ya kama jikinsa. Da daga waje ake kawo ta, sai a shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antunta a Legas da Kano. Tun da gilashi ne ke taɓa abinci, tsami ba ya cin ta, ba ta riƙe wari. Aibinta ɓantarewa. In a waje ta ɓantare, ba kome. In a ciki ne, tsatsa za ta shiga, ɓarɓashin kuma na iya bin miya, sai a mayar da ita ta tsabar kaji. In za ki saya, ki zagaya bakinta da yatsa, ki ɗaga ki ji nauyi. Mara nauyi ba ta kai wa baɗi.

Abin da muke kira silba iri biyu ne, kuma ba kowane mai shago zai bambanta miki ba. Akwai alminiyam, mara nauyi, mai dusasshen haske. In kunun tsamiya ko zoɓo ko miyar tumatir ya kwana a ciki, sai ki ga cikinsa ya yi zanzana, kanwa kuma tana baƙanta shi. Akwai kuma ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Ki kife shi ki duba gindi. In kin ga 18/10 ko 18/8, ma'ana kashi 18 cikin 100 na kromiyam, da kashi 10 ko 8 na nikel, to shi ne na gari. In ba rubutu, ki manna masa maganaɗisu. Wanda ya cafke shi da ƙarfi galibi ba nikel a cikinsa. Ana ci da shi lafiya, sai dai ya fi saurin tabo in gishiri ya daɗe a kansa. Na san yana ƙona hannu, na kuma san maigida ba ya son a kai wa baƙo abinci a ciki. Amma don yara da cin yau da kullum, ban san abin da ya kama ƙafarsa ba.

Inda nake so ku saurare ni da kyau shi ne robar nan mai kama da tangaran, wadda ake kira melamin. Tana da kyau, ba nauyi, ba ta fashewa da wuri, shi ya sa ta cika gidajenmu. Amma zafi maƙiyinta ne. In abinci ya wuce digiri 70, sinadaran da aka yi ta da su suna fara tsattsafowa cikinsa, musamman in da tsami, kuma da yawansu ba alheri ba ne ga ƙoda. To, ku dubi yadda muke ci: koko daga tukunya, tuwo daga muciya, miya tana tafasa. Don biredi, ko 'ya'yan itace, ko shinkafar da ta sha iska, babu laifi. Kada ta shiga na'urar ɗumama abinci. Ranar da kika ga ƙyallinta ya dushe, ko ta yi kaushi, ta gama aiki. Jar roba da koriya ta bakin titi kuwa, araha ba ta ado.

Ban ce a ƙaurace wa tangaran ba. Na gari an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,200, ruwa ba ya ratsa shi. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa da cokali: mai kyau zai yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga zai ce ƙwas ya yi shiru. Sannan ki bi zanen da farce. In kin ji tudunsa, a saman ƙyallin yake, zai goge ya bi abinci, kuma wasu launuka masu haske akan haɗa su da dalma. Mu a Arewa mun ga aikin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga haƙar zinariya ne, ba kwano ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro ta fi kamawa. Shi ya sa da na zo aurar da ta biyu, fari sol na saya, dozin ɗaya, ba saiti ba. In ɗaya ya fashe, ta aika kasuwar Rimi a sayo ɗan'uwansa, ba mai ganewa.

Maigidana kuwa, duk wannan bai dame shi ba. Tuwonsa a akushi yake ci, wanda uwarsa ta sayo a kasuwar Kurmi, wai ya fi kula riƙe ɗumi. Ba na musu da shi. Ba a jiƙa shi a ruwa, ba a shanya shi a rana, lokaci-lokaci a shafa masa man gyaɗa. Na roƙe shi aro don in nuna muku, ya ce sai dai ku zo gida.

Sauran na kawo, har da maganaɗisun. In an tashi cin abinci, duk mai so ta zo ta gwada. A dai maido mini da kwanon makaranta, lambata na nan a gindi.