In Wayar Hannu Ta Maƙale A Zauren Gyara: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Maganar yau a kan wayar hannu ce, da wata cuta da ta kan same ta, wadda ta kan jawo hasarar takardu masu muhimmanci in ba a bi ta a hankali ba.

Tun shekarar 2001 da aka fara aiki da wayar salula a Nijeriya, aikin ofishin hakimi ya yi ta komawa cikinta kaɗan kaɗan. Yau a cikin wayar malamin hakimi a kan sami hotunan takardun cinikin gona da na rabon gado, da muryoyin shaidu da aka ɗauka wajen sasanta rikicin iyaka, da lambobin dagatai da masu unguwa, da wasiƙun da su ke zuwa daga fada. Saboda haka in wayar nan ta ƙi tashi, hakkin talakawa ne ya shiga haɗari.

Yadda Cutar Ta Ke

Kowace waya ta zamani tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita. Ta iPhone, wadda kamfanin Apple na Amurka ya fara fitarwa a 2007, sunanta iOS. Ta su Tecno da Infinix da itel da Samsung kuwa sunanta Android, ta kamfanin Google ce, an fara sayar da waya mai ita a 2008. Ban da babbar manhajar nan akwai wata ƙarama a keɓe, wadda aikinta shi ne karɓar gyara in babbar ta lalace. Masu gyaran waya suna ce mata rikabari. A cikin wannan jawabi za a kira ta zauren gyara, gama kamar zaure ta ke: waya ta kan tsaya nan in ta kasa shiga cikin gida.

Alamar iPhone ta tsaya a zaure ita ce a ga fuskarta baƙa, da hoton kebul yana nuna kwamfuta. A Android kuwa a kan ga layukan ƙananan rubutu na Turanci, ko hoton mutum-mutumi a kwance da jar alama a kansa. Wayar da ta nuna haka ba ta mutu ba, batirinta da fuskarta suna aiki, taimako ta ke jira.

Yawanci abin da ke kawo wannan shi ne a ɗauko aikin zuba wa waya sabuwar manhaja, watau abin da masu gyara ke kira filashin, sa'an nan aikin ya katse a tsakiya. Ko dai kebul ya motsa, ko wutar lantarki ta ɗauke kwamfuta ta mutu, ko intanet ta yanke. Sai a bar waya da rabin manhaja, tsohuwa ta tafi, sabuwa ba ta zauna ba.

Abin Da Za A Fara Yi Kafin A Taɓa Wayar

Lalle ne malami ya fara sanin inda aikin ya katse. In tun kwamfuta tana sauko da manhaja ne, ko tana neman izni daga Apple, to, ba a goge kome ba tukuna, takardu suna nan cikin waya. In kuwa har tambarin tuffa ya fito da layi yana tafiya a ƙarƙashinsa kafin aikin ya tsaya, kuma aikin gogewa aka zaɓa, to, mai yiwuwa ne abin da ke ciki ya riga ya tafi. A wannan hali dukiyar da ta rage ita ce kwafin ajiya, watau kwafin da aka ɗauka tun waya tana lafiya, a kwamfuta ko a ma'ajiyar iCloud.

Wannan kwafi shi za a fara tsarewa. Dalili kuwa, kwamfuta kwafi guda ta ke riƙe wa kowace waya, tana ɗora sabo a kan tsoho. In aka tayar da waya babu kome cikinta, aka bar kwamfuta ta ɗauki kwafinta, tana iya danne na kirkin. Saboda haka a kwashe tsohon kwafin a sa a wata ma'ajiya dabam tun kafin a jona waya. A kuma duba ranar da aka ɗauke shi, a rubuta a littafi, domin a san takardun da su ka shigo bayan ranar, a nemo su wajen masu su.

Matakan Gyaran iPhone

Dokar aikin duka guda ce: a fara da matakin da ba ya goge kome, kada a kai ga mai gogewa sai sauran sun gaza. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Mataki na fari, a cire kebul, a tilasta wa waya ta sake tashi. A iPhone 8 da waɗanda su ka biyo bayanta, a danna maɓallin ƙara murya a saki, a danna na rage murya a saki, sa'an nan a riƙe maɓallin gefe har tambarin tuffa ya fito. A iPhone 7, a riƙe na rage murya da na gefe tare. A iPhone 6s da na gabanta, a riƙe zagayayyen maɓallin ƙasa tare da na kunnawa. In manhaja ba ta lalace ba, wannan kaɗai ya kan isa.

Mataki na biyu, in waya ta sake komawa zaure, a shirya kwamfuta sosai. A sami laftof mai cikakken caji, domin ko wuta ta ɗauke aiki ya ci gaba. A sami kebul na asali, a jona shi a jikin kwamfutar kanta, kada a bi ta wani mahaɗi. A kwamfutar Mac, tun 2019 manhajar Finder ce ke wannan aiki. A mai Windows kuwa Apple Devices ce, ko iTunes. Kowacce ce, a sabunta ta tukuna, gama tsohuwa ta kan kasa gane sabuwar waya.

Mataki na uku, sa'ad da kwamfuta ta gane waya, za ta kawo zaɓi biyu da Turanci. Ɗaya ya fara da harafin U, ma'anarsa sabuntawa: yana sake zuba manhaja ba tare da ya taɓa takardu ba. Ɗayan ya fara da harafin R, ma'anarsa mayar da waya yadda ta fito daga kamfani: yana goge kome da kome. A zaɓi mai U. Malamin da bai tabbata ba ya ɗauke hannunsa, ya tambaya.

Akwai wani wuri da mutane da yawa ke ruɗewa. Manhajar da kwamfuta za ta sauko da ita babba ce, ta kan haura gigabait 5. In saukowar ta wuce minti 15, waya ta kan fita daga zaure da kanta, sai mai aiki ya zaci abin ya sake ɓaci, ya zare kebul. Kada a zare. A bari saukowa ta ƙare, sa'an nan a mayar da waya zaure: tana jone da kwamfuta, a danna maɓallan nan na mataki na fari, amma kada a saki sa'ad da tuffa ta fito, sai hoton kebul da kwamfuta ya bayyana. A gundumar da intanet ba ta da ƙarfi, ya fi kyau a kai kwamfutar gari, a sauko da manhajar a can.

In aiki ya gaza, kwamfuta ta kan ba da lamba. A rubuta ta, gama ita ce bayanin cutar. Lamba 9 da 4005 da 4013 da 4014 suna nufin magana ta yanke tsakanin waya da kwamfuta ana cikin aiki. Maganinsu a sake kebul, a sake ramin da aka jona shi, in ya ƙi a sake kwamfuta. Lamba 17 da 3194 suna nufin kwamfuta ba ta sami izni daga Apple ba. Ko dai wani abu ya tare hanyar intanet, kamar manhajar tsaron kwamfuta, ko kuwa manhajar da a ke so a zuba tsohuwa ce wadda kamfanin ya daina sa wa hannu. Domin haka kada a karɓi tsohuwar manhaja daga hannun kowa.

Mataki na huɗu, in mai U ya gaza sau biyu ko uku da kebul dabam dabam, sai a zaɓi mai R. Kada malami ya yi wannan shi kaɗai. Ya shaida wa hakimi tukuna, ya gaya masa ranar kwafin ajiya da abin da za a rasa. Manhajar waya tana kulle abin da ke cikinta da mabuɗin sirri, gogewa kuwa tana hallaka mabuɗin, babu gwanin da zai komo da shi.

Akwai mataki na ƙarshe, wanda masu gyara ke kira Di-Ef-Yu. A nan fuskar waya ta kan zauna baƙa ƙirin, amma kwamfuta tana ganinta, ta sake zuba mata kome tun daga tushe. Shi ma gogewa ya ke yi, shigarsa kuma sai da ƙidayar daƙiƙa daidai, saboda haka a bar wa wanda ya saba. In har an yi wannan, lamba 4013 ko 9 ta sake fitowa a kwamfuta ta biyu da sabon kebul, to, cutar tana jikin ƙarfen waya ne, sai wajen mai gyara.

Matakan Gyaran Android

Yawancin wayoyin da ke gundumomi Android ne. A zaurensu taɓa fuska ba ya cika aiki, da maɓallan murya a ke hawa da sauka, da na kunnawa a ke zaɓa. In mutum-mutumin nan a kwance aka gani, a riƙe maɓallin kunnawa, a danna na ƙara murya sau ɗaya, layukan rubutu za su fito. Layin da a ke nema shi ne na sake tayar da waya, yawanci shi ne na farko a sama, ya fara da harafin R. A lura da kyau, gama wannan R ɗin dabam ne da na iPhone. Layin haɗari a nan ya fara da harafin W, a cikinsa akwai kalmar data, shi ne mai gogewa.

In waya tana ta komawa zaure, a cire rigarta a duba maɓallan murya. Ƙurar hunturu ko matsattsiyar riga ta kan danne maɓalli, waya kuwa in ta tashi da maɓalli a danne, zaure ta ke nufa. A kuma cire katin memori, a sa ta a caji kamar awa guda, a sake gwadawa. In duk ya ƙi, sai filashin, wanda shi ma yawanci ya kan goge kome. Tilas manhajar da za a zuba ta dace da lambar samfurin wayar harafi da harafi, gama ta wani samfurin tana iya kashe ta ɗungum. Masu Tecno da Infinix da itel suna da wurin gyara na kamfaninsu, sunansa Carlcare, can ya fi dacewa a fara kaiwa.

Kulle Na Bayan Gogewa

Domin a hana ɓarayi amfani da wayar sata, Apple ya sa wani kulle tun 2013, Google kuma ya sa nasa a 2015. Bayan an goge waya, ba za ta buɗe ba sai an sa adireshin imel da kalmar sirri na asusun da ke kanta tun da fari. Sau da yawa yaron shagon da ya sayar da waya shi ya buɗe asusun, mai waya bai taɓa sanin kalmar ba. Saboda haka kafin a goge kowace waya, a tabbata waɗannan biyu suna hannu. A kuma adana rasit ɗin saye, gama shi ne shaidar mallaka in an je wajen kamfani.

In za a kai waya wajen mai gyara, a cire layi da katin memori. Malami ya tafi da kansa, ya zauna a yi aikin a gabansa, ya kuma faɗa tun da fari cewa ba a yarda a goge kome ba sai da izni. Asirin shari'ar mutane amana ce a hannun ofis.

Rigakafi

Abin da ya kamata kowane hakimi ya umarci malaminsa da shi ke nan. A ɗauki kwafin ajiya kowane mako, a rana sananniya, a rubuta a littafin ofis. A sani ma'ajiyar iCloud gigabait 5 ta ke bayarwa kyauta, ta Google 15, in sun cika kwafi ya kan tsaya ba tare da an lura ba, don haka a riƙa duba ranar kwafi na ƙarshe. Saƙonnin WhatsApp suna da nasu kwafin dabam, shi ma a kunna shi. Adireshin imel da kalmomin sirri a rubuta su a takarda, a liƙe a ambulan, a ajiye a akwatin hakimi. Kada a fara sabunta manhaja da batir mai rauni, ko da waya wadda ta cika maƙil. Takardar gona ko ta gado kuwa, hotonta ba ya maye gurbinta: a shigar da ita a rijista da tawada kamar yadda aka saba, a sa hannu, a buga hatimi.

Ofishin da ya kiyaye waɗannan, in wayarsa ta maƙale, hasararsa ba ta wuce ta yini guda da kuɗin gyara ba. Allah ya ƙara wa sarakuna da hakimai lafiya, ya ba malamansu ikon riƙon amana. Amin.