Goma Biyu a Bakin Iyaka: Jawabi Kan Awon Ratar Inji



Yau za mu yi magana a kan abin da bai wuce kaurin gashin kai biyu ko uku ba, amma shi ke raba motar da ta taso daga Illela ta isa Sakkwato lafiya da wadda ta kwana a hanya albasa na ruɓewa a bayanta. Wannan abu kuwa shi ne 'yar ratar da ake bari a kan bawul ɗin inji.

Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake yi, shi ya sa masu ƙera inji suka bar masa wurin miƙewa. In ratar ta yi yawa, sai inji ya riƙa ƙara, ƙarfinsa ya ragu. In ta yi kaɗan, nan ɓarna take: bawul ba ya rufewa sosai, wuta ta bi ta gefensa ta cinye shi, tun ba na fitar da hayaƙi ba. Abin haushi, injin da aka matse shiru yake yi, mai mota ya tafi yana yaba wa makanike. Kunne ba ma'auni ba ne, komai shekarun mai shi a gareji.

Ma'aunin wasu siraran ƙarafa ne da ke ninkewa kamar aska, kowanne da lambarsa. To, Illela tana kallon Birnin Ƙonni, a nan awo iri biyu suka haɗu. Motocin Ingila irin su Bedford da inci suka zo mana, Faransa kuwa ta bar wa Nijar milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Saboda haka “goma” a ma'aunin inci kusan milimita 0.25 ke nan, alhali “goma” a ma'aunin Faransa 0.10 ce kawai. Suna ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau biyu da rabi. Da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa 504 a 1975, sai goman nan biyu suka taru a inji ɗaya: 0.10 ga bawul ɗin shigar da mai, 0.25 ga na hayaƙi, inji kuma yana sanyi. Wanda ya musanya su ya ƙona wa mutum jari.

Motocin zamani da yawa su ke daidaita ratarsu da kansu. Amma babura da janareto da injinan ban ruwa na fadama har yanzu hannu suke jira.

Mu ne gobe za mu sa hannu a takardar gyaran motocin gwamnati. Kafin mu sa, mu tambayi makanike lambar da ya yi aiki da ita, ta inci ce ko ta milimita, mu kuma karɓi ma'aunin mu zura da kanmu. Ya kamata ya shige da ɗan ja kaɗan, ba a sake ba, ba kuwa da dole ba.