Dariyar da Ke Hawa Sama da Wadda Ke Sauka Ƙasa



An nemi mu ce wani abu a kan wasannin barkwanci na talabijin, musamman na shaguɓe ga masu mulki, da kuma na tsokanar mutane da ɓoyayyiyar kyamara. Waɗansu na ɗaukar su abu guda, tunda duk dariya ake yi. A ganinmu ko kusa ba su haɗa hanya ba.

Shaguɓe ga shugabanni gadonmu ne. A wasan gauta matan fada ne ke yin shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da hukuncinsu, sarki na kallo, ya gane inda aka dosa ba tare da an kunyata shi ba. Tashe ma haka yake a watan azumi: yara su taɓa marowaci, su taɓa malamin da ya fi son tuwo da karatu. Da talabijin ta zo sai ta ɗora daga nan. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi shekaru yana fito da halayen bariki a Samanja, har a zamanin da sojoji ke mulkin ƙasar. Tashar CTV, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, yanzu ake kiranta ARTV, ta raini 'yan wasa da dama a kan wannan turba.

To, amma haƙurin da sarakunan da suka yi da wasan gauta ya yi ƙaranci. A 2019 Arewa24 ta fara nuna Kwana Casa'in, labarin wani gari na ƙirƙira mai suna Alfawa, inda ake sayen ƙuri'a da 'yan jarida, asibiti kuwa ba magani. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta umarci a dakatar da shi, bisa hujjar cewa ba a kai mata ta tace ba, ko da yake shirin ya ci gaba daga baya. A Nuwamban 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok a kan gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje. Ko a Masar haka abin yake: shirin shaguɓe na Bassem Youssef ya tsaya a 2014, alhali Ramez Galal ya ci gaba da firgita baƙinsa duk watan azumi, shekara da shekaru.

Wasan tsokana kuwa, da ya sauko daga talabijin zuwa wayar hannu, sai ya nemi wanda ba shi da lauya. Wa ake jefa wa macijin roba? Wa ake yi wa ƙaryar kuɗinsa jabu ne, a bar shi yana rantsuwa da hawaye? Dattijo ne da ya kawo gero kasuwa, ko yarinya mai tallar gyaɗa, ko ɗan ci-rani da ya sauka a tasha bai san gari ba. A taƙaice, baƙauye. Mu kuwa da muke kallo a Kano da Kaduna da Abuja har muna tura wa juna, ai mun san daga inda baƙauyen nan ya fito. Mota ɗaya muke shiga da shi ta hanyar Wudil idan za mu gida Sallah.

Kada a ce mana ai wasa ne. Wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, ko na jika da kaka, kowa ya san ana yi, kuma yana da damar ramawa. Wanda aka ɗauka a ɓoye bai san ana wasa ba, ba a nemi yardarsa ba, kuɗin da bidiyon ya kawo kuma ko sisi ba zai gani ba.

Roƙonmu ga wannan ƙungiya biyu ne. Mu ja kunnen 'ya'yanmu masu zuwa gida da waya, kada a ɗauki kowa sai da izininsa. Sannan a taron Sallah mai zuwa a ware wa ɗaliban sakandarenmu na Gaya da Ajingi sa'a guda su yi wasan kwaikwayo a kan ruwan sha da hanyoyi da asibitocinmu, a gayyaci shugabannin ƙananan hukumomin biyu da kansilolinsu, a ba su kujerun sahun gaba.