Shekara uku ina neman gauraka: labarin wani mai zane daga Guri



An ce in zo in ba da labarin sana'ata. To ni dai fenta ne, haka ake kirana a Guri, haka ake kirana in na shiga Haɗeja. Ina rubuta allon shago, ina zane a bayan motocin ɗaukar kaya da Keke Napep, ina yi wa makarantu zanen bango. Da wannan nake ciyar da iyalina. Amma abin da ya fi zama a raina, wanda sau da yawa ko sisi ba ya kawo min, shi ne zana dabbobi da tsuntsayen fadamarmu.

Da gawayi na fara, a bayan takardar buhun siminti. Ranar da Baba ya gan ni ina zana jakin maƙwabcinmu, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Kai, abu mai rai kake zanawa?" Na san da yawanku kuna da wannan tambayar, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Malamai sun yi bayani a kanta, ni kuwa ba ni da ilimin yin fatawa, kowa ya koma wa malaminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne, mun daɗe muna kai ruwa rana da Baba, har ranar da ya ce min, "In ka nace, to ka yi abin da yara za su ƙaru da shi, ban da wasan banza." Har yau da wannan maganar nake auna duk aikin da zan karɓa.

Matsalar zana dabba ɗaya ce: ba ta tsaya maka. Mutum sai ka ce masa zauna, ya zauna. Saniya fa? Kana ɗora fensir ta juya maka baya. Don haka na koyi fara jan layin gadon baya da tozo cikin daƙiƙu kaɗan, sannan ƙafafu, kai da ƙaho su zo daga ƙarshe. A zama ɗaya ina iya yin zane ashirin, biyu ne kawai za su yi kyau, kuma hakan bai taɓa damuna ba.

Malamina na farko wani yaron Fulani ne da bai kai shekara goma sha biyu ba. Na zana saniya tana tashi daga kwance, ya leƙo ya fashe da dariya. Ya ce, "Malam, wannan ai doki ne." Na ce kamar yaya? Ya ce saniya da ƙafafun baya take fara tashi, doki ne ke fara miƙe na gaba. Wallahi na ji kunya. Shekara nawa ina ganin shanu, ashe kallo kawai nake, ban lura ba.

Na biyu kuwa wani dattijo ne masunci, Kawu nake ce masa. Bayan sallar asuba yakan ɗauke ni a kwalekwalensa, shi yana duba komarsa, ni ina zane. Shi ya nuna min cewa belbela da zalɓe naɗe wuya suke yi idan suna tashi, shamuwa kuwa miƙe nata take yi. Daga kuka kawai yana bambance kirinjijiya da ɗinya. Yakan ce, "Ɗana, rufe littafin tukuna, ka saurara." Kun ga, hannu nawa ne, amma rabin idon nasa ne.

Shi ya sa ranar da na fara sayar da zanen tsuntsaye, na kai masa kashi ɗaya cikin uku. Ya ƙi karɓa, ya ce shi bai riƙe burushi ba. Na ce Kawu, ba don kai ba da har yau belbelata tana tashi da wuyan shamuwa. Da ƙyar ya karɓa.

Amma ba kowane haɗin gwiwa ne ke tafiya haka ba. Akwai wani abokina da ke ɗaukar bidiyon ina aiki yana sawa a TikTok da Facebook. Mutane suka fara nemansa shi, suna zaton shi ne mai zanen, har ya karɓi aiki biyu ban sani ba. Mun yi wata uku ba ma magana. Daga baya na gane laifin namu ne mu biyu, don ba mu taɓa zama mun yi magana a kan suna da kuɗi ba. Yanzu mun shirya, muna aiki tare, amma kafin a buɗe gwangwanin fenti sai an faɗi kason kowa da sunan da za a sa. Matasa, ku riƙe wannan. Kunyar maganar kuɗi ita ke raba abokai.

To yanzu ga maganar gauraka.

Wani shugaban makarantar firamare ya ce in zana musu tsuntsayen yankinmu a bango, kowanne da sunansa na Hausa. Na yi shamuwa, wadda zuwanta ke gaya mana damina ta kusa. Na yi jinjimi, na yi ƙwasaƙwasa. Da na tambayi yaran wa ya san gauraka, aji guda babu wanda ya ɗaga hannu. Ni ma da na tambayi kaina, sai na ga a hoto kawai na san ta. Tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa a Najeriya ke nan, mai tukku kamar zinariya a kai.

Kawu ya ce lokacin samartakarsa suna ganin su a fadama, har rawa suke yi. Shekara uku muna nema, ni da shi, har wajen Baturiya a Kirikasamma mun je, wurin da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya a 2008. Mun ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wajenmu, amma gauraka ko ɗaya.

Fadamar ce ta canja. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa da komawa yadda ya saba. Inda ruwa ya zauna shekara cur, sai kacalla ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki da ke lalata shinkafa. Ga farauta, ga masu kama gauraka suna sayarwa a ajiye a gidaje. Duk wanda ya tashi a Guri ya san zancen kacalla ba labari ba ne.

A ƙarshe na zana ta daga hoto da bayanin Kawu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon, sai ya ce, "Ta yi kama, amma wannan ba ta rawa." Gaskiya ya faɗa. Abin da ban gani yana motsi ba, ba zan iya ba shi motsi ba.

Ambaliyar 2022 ta shiga ɗakina, ta jiƙa littattafan zanena na shekaru. Kaɗan na tsira da su, sai waɗanda abokin nan nawa ya ɗauka a waya. Kun ga mutumin da na yi fushi da shi, shi ya adana min aikina. Bayan nan na je Birnin Kudu na ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, a nan jiharmu ta Jigawa. Ba su bar sunansu ba, amma ta dalilinsu mun san irin shanun da suka yi kiwo. Na dawo na sayi sabon littafi.

Ga mai son farawa: fensir ɗaya da littafin makaranta sun isa. Fara da akuyar gidanku, minti goma kullum. Duk abin da ka zana ka ɗauke shi a waya. Sannan ka nemi makiyayi ko masunci ya duba maka, kuma in ya yi dariya kada ka yi fushi.

Roƙona biyu ne. Ku je wajen kakanninku ku tambaye su sunayen tsuntsayen garinku, ku rubuta, tun suna raye. Kuma duk wanda ya ga gauraka a daji, tsakanin Haɗeja da Nguru ko Gashuwa, don Allah ya aiko min da saƙo. Kawu ya tsufa, idonsa ya fara rauni, kuma na yi masa alkawarin zan zana ta tana rawa.